Allura ɗaya ba ta isa ba: fashin baƙi kan cutar sarƙe-haƙora a zangunan Kumasi

Duk wanda ya kai rauni asibiti a Kumasi, ƙusa ce ta soke shi ko kwano ne ya yanke shi, kafin a gama wanke ciwon sai nas ta jefo masa tambaya: "Baba, yaushe rabonka da allurar tetanos?" Amsar mazan zango ba ta cika bambanta ba. "An taɓa yi mini." Yaushe? Sai ya ɗaga kai yana lissafi, ya ce ai tun sanda babur ya kayar da shi ne, bai ma yi aure ba. Guda nawa aka yi? "Ɗaya mana. Da ma ana yin biyu ne?" Da uwargidansa aka tambaya, wataƙila da ta zaro littafin awo daga jaka ta nuna kwanan wata da sa hannun ungozoma. Gida ɗaya suke kwana, tsakar gida ɗaya suke takawa, amma ita tana da kariya daga wannan cuta, shi kuwa zato kawai yake yana da ita.

Kafin mu kai ga allurar, bari mu sauke wa tsatsa laifin da aka daɗe ana ɗora mata. Cutar sarƙe-haƙora, wato tetanos, wadda wasu ke ce wa tsinkau-tsinkau, ba tsatsa ke kawo ta ba. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Clostridium tetani, mazauninta ƙasa da ƙura da hanjin dabbobi, tana fitowa cikin kashin shanu da tumaki da awaki da dawaki da kaji. In wuri bai yi mata ba sai ta dunƙule cikin wani ɓawo mai tauri ta yi lamo, ta yi shekara da shekaru a haka. Zafin rana bai dame ta ba, sifirit ba ya kashe ta, ko tafasawa ta ɗan lokaci tana iya tsallakewa. Ƙusa mai tsatsa ta yi ƙaurin suna ne don ta daɗe kwance a ƙasa, jikinta kuma ya yi kaushi yana riƙe datti. Sabuwar ƙusa fil da ta faɗi a turken awaki za ta yi ɓarnar da tsohuwa za ta yi. Haka ƙaya, da tsinken tsire, da fasasshiyar kwalba, da sartsen itace, da ƙashin da mahauci ya sara ya yi tsini.

Abin da ƙwayar ba ta shiri da shi shi ne iska. Duk inda iskar da muke shaƙa take kaiwa, ko jini mai ɗauke da ita yake gudana sosai, ƙwayar ba ta iya farkawa. Shi ya sa raunin da ya fi tayar wa mutane hankali, wato faffaɗan yanka mai zubar jini, sau da yawa ba shi ne ya fi yi mata daɗi ba. Shi wannan ai da gudu ake kai shi asibiti a wanke a ɗinke. Wanda take so shi ne siririn rami mai zurfi da bakinsa ke rufewa cikin kwana ɗaya ya bar ƙasa a ciki, ko naman da ya daddatse ya mutu, ko ƙuna, ko gyambon da ya daɗe a ƙafar mai ciwon suga. Cizon kare da saran maciji suna cikin lissafi. Haka allurar da aka yi da kayan da ba su da tsabta, da hujin kunne, da zubar da ciki a ɓoye, har da kunnen yaron da ya daɗe yana zubar da mugunya. A wasu majinyatan ma likita zai duba jiki kaf bai ga ta inda ta shiga ba. Abu ɗaya mai sauƙi a al'amarinta shi ne ba a ɗaukarta daga jikin mutum; mai jinya ya kwantar da hankalinsa.

To duba irin neman abincin da mutanenmu ke yi a garin nan. Makanikai da masu walda da masu gyaran bodi a Magazin ta Suame, wato unguwar makanikai, masu sayen tsofaffin ƙarafa da ke tura amalanke unguwa-unguwa, masu dako a kasuwar Kejetia, mahauta, magina, direbobin pragya da aboboya, wato babura masu ƙafa uku na fasinja da na kaya. Da yawa da silifa suke aiki, ba safar hannu. Ƙara da makon Babbar Sallah, sanda lungunan Aboabo da Asawase da Sabon Zango ke cika da raguna da shanu, kashi ko'ina a ƙasa, wuƙaƙe kuma a hannun mutanen da sau ɗaya a shekara suke fiɗa. Ƙara da damina, in kwata ta tumbatsa mutane suna ratsa ruwa ba sa ganin abin da suke takawa.

Ga yadda abin kan kasance a shagon makaniki. Yaro ya taka guntun ƙarfe, ya huda silifa ya shige tafin ƙafa. Ya zauna kan tsohuwar taya ya zare, jini ɗigo biyu. "Masta, na taka ƙarfe." Maigidan ya zaro kai daga ƙarƙashin mota ya leƙa. "Kai, wannan ne ciwo? Ɗauko man birki." A tsiyaya masa a ramin, yaro ya cije leɓe, sauran yara su yi dariya, a yago tsumma a ɗaure, a ce ya miƙo sufana. Wani shagon fetur ake zubawa, wani ruwan batir. A gida kuma toka ce ko garin gawayi, wani ma ƙasa zai damtsa ya danna don jini ya tsaya.

Ba mugunta ba ce. Maigidan shi ma haka aka yi masa yana yaro, ga shi kuma da ransa, kuma raɗaɗin da ake ji shi ke sa a yarda magani na aiki. Amma man birki da ruwan batir naman mutum suke ƙonawa, ita ƙwayar tana cikin ɓawonta ba abin da ya sha mata kai. Naman da ya ƙone ya mutu, jini ya daina kai masa, iska ta yanke, shi ke nan ta sami wurin zama. Danna ƙasa a ciwo kuwa ɗauko cutar ne da hannu a cusa ta ciki.

Ƙwayar ba ta yawo a jiki. Tana nan zaune cikin ramin, dafi kawai take fitarwa, kuma dafin nata yana cikin mafiya ƙarfi da aka sani a duniya. Ɗan abin da ido ba zai gani ba ya isa ya kashe ƙato. Dafin yana bin jijiyoyin da ke kai saƙo, yana hawa sannu a hankali har ya isa laka da gindin ƙwaƙwalwa. Daga can ake ba tsokar jiki umarni iri biyu, na ta ɗaure da na ta saki. In ka lanƙwasa hannu, tsokar gaba za ta ɗaure, ta baya kuma dole a ce mata ta saki, in ba haka ba hannun ba zai motsa ba. Dafin bai taɓa umarnin ɗaurewa ba, na sakin yake toshewa. Mutanen Magazin za su fi kowa gane wannan: mota ce aka tsinke wa birki alhali totur na danne. Kowace tsoka tana ja, babu mai ce mata ya isa. Kuma inda dafin ya riga ya kama, babu maganin da ke ɓamɓare shi. Sai jiki da kansa ya sake tsiro da sababbin bakunan jijiya, wanda aiki ne na makonni.

Wannan hawan da dafin ke yi shi ne dalilin jinkirin da ke yaudarar mutane. Daga ranar rauni zuwa ranar da alamu za su fito yakan ɗauki kwana 3 zuwa 21, galibi mako guda da 'yan kwanaki. In raunin yana kusa da kan mutum alamu sun fi saurin bayyana, kuma gwargwadon saurin fitowar alamu, gwargwadon tsananin ciwon. A tsakanin nan ramin ƙusar ya rufe, yaro ya koma buga ƙwallo, kowa ya manta. Ranar da likita zai tambayi iyaye ko ya ji ciwo kwanan nan, da gaskiyarsu za su ce a'a. Raina kama ka ga gayya.

Yawanci daga muƙamuƙi take farawa. Mutum ya tashi da safe ya ji bakinsa ba ya buɗuwa sosai, lomar tuwo ba ta shiga, tauna goro ta zama aiki. Sai a ce haƙori ne, ko sanyi ne ya kama shi, a nemo man shafawa. Kwana ɗaya ko biyu wuya ya sandare, haɗiyar ruwa ta yi wuya, ciki ya yi tauri in an taɓa, baya ya riƙe. Fuska takan ja, gira ta ɗage, leɓɓa su yage haƙora su bayyana, wanda bai sani ba ya ce murmushi yake. A wasu, taurin yakan fara a kusa da raunin kafin ya bazu. Duk wanda bakinsa ya ƙi buɗuwa babu wani dalili bayyananne, balle in ya ji rauni cikin watan, ranar nan ya kamata a kai shi asibiti, ba gobe ba.

Daga nan sai fizga. Jiki gaba ɗaya ya ɗaure farat ɗaya, hannuwa su dunƙule, baya ya banƙare har ƙeya da dugadugai kaɗai ke taɓa shimfiɗa, na 'yan daƙiƙoƙi ko mintuna, ya lafa, ya sake dawowa. Ƙaramin abu ke tayar da ita: an buga ƙofa, an kunna fitila, wani ya dafa shi, iska ta kaɗa labule ta taɓa shi. Ƙarfin jan yana iya karya ƙashi. Ga gumi sharkaf, zuciya na gudu, hawan jini na tashi yana faɗuwa. Abin da ke kashewa, galibi, shi ne in fizgar ta kama maƙogwaro da tsokar ƙirji numfashi ya tsaya, ko abin da aka ɗura wa mutum ya bi ta huhu, ko zuciya ta rikice. Mafi ban tausayi, hankalin mutum yana nan garau. Yana jin duk abin da ake faɗa a kansa, yana jin zafin kowace fizga, baki ne kawai babu.

Wannan na ƙarshe shi ne abin da ke raba ta da cututtukan da ake rikita ta da su. Mai farfaɗiya in ta kayar da shi yakan fita hayyacinsa, in ta sake shi jiki ya yi laushi ya yi barci. Mai sarƙe-haƙora idonsa biyu, kuma ko tsakanin fizga da fizga jikinsa a sandare yake. Sanƙarau ma yana sandarar da wuya, amma yakan zo da zazzaɓi mai zafi da matsanancin ciwon kai da ruɗewa, ba ya kuma kulle muƙamuƙi haka. Sai babban zato a unguwanninmu, wato iska ko sammu. Mutum lafiya lau jiya, yau ya banƙare yana yage baki, ai ba abin mamaki ba ne in hankalin dangi ya tafi can. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma mai nema ne. Amma ɗakin da aka cika da jama'a, ana ɗaga murya a kunnen majinyaci, ana yayyafa masa ruwa, ana turare, ƙarti huɗu sun danne shi, duk abin da ke tayar da fizga ne aka tara masa wuri guda. Ɗura rubutu ko jiƙo a bakin da ba ya haɗiya kuma hanya ce ta aika ruwa huhu. Malam na iya addu'arsa a hankali a bakin ƙofar asibiti, Allah yana ji.

Abin da dangi za su yi kaɗan ne: kada a ɓamɓare baki da cokali, kada a ba shi ci ko sha, a rage haske da hayaniya, a kwantar da shi ta gefe, a ɗauke shi a hankali cikin mota, ba a kan babur ba. A gaya wa likita duk wani rauni da aka tuna, komai ƙanƙantarsa, har da kaciya ko sakiya ko allurar da aka yi a gida. Babu gwajin jini da ke tabbatar da cutar. Da ido da hannu da labarin da aka ba shi likita ke gane ta. Asibitin unguwa kamar na Manhyia ko na Tafo zai iya fara taimako, mai tsanani kuma a tura shi Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye.

A asibiti yaƙi ake yi ta fuskoki da yawa a lokaci guda. Ana yin allurar da ke kama dafin da bai riga ya shiga jijiya ba. Ana buɗe raunin a yanke mataccen nama a wanke, don a rushe inda ake ƙera dafin, a ba da maganin kashe ƙwayar, galibi metronidazole, wanda mutane suka fi sani da Flagyl. Ana ba da diazepam da makamantansa da yawa don kwantar da fizga, wani lokaci da magnesium. Ana kwantar da mutum a ɗaki mai duhu da shiru, a sa masa tiyo ta hanci don abinci. In numfashi ya gagara sai a huda maƙogwaro a haɗa shi da na'ura. Ka lura, duk wannan bai cire dafin da ya riga ya kama ba. Riƙon ran mutum ake yi har jijiyoyinsa su farfaɗo. Fizga takan ɗauki mako uku zuwa huɗu, taurin jiki da rashin ƙarfi kuma su yi watanni. Ko a Amurka, da duk kayan aikinsu, kimanin mutum 1 cikin 10 da suka kamu ba sa tashi. Inda na'urar numfashi ta yi ƙaranci adadin ya fi haka nesa. Ga kuɗi, ga mai neman abincin gida kwance wata guda, ga mai jinya ita ma ta bar kasuwa.

Saboda haka nauyin maganar duk yana kan ranar da aka ji raunin. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ruwan yana zuba a kai na tsawon mintuna, a fitar da ƙasa da sartse. In famfo babu ruwa, ledar ruwan sha biyu ko uku sun wadatar. A danne da ƙyalle mai tsabta jini ya tsaya, a rufe sama-sama, kada a toshe ramin da komai. In raunin mai zurfi ne, ko ƙasa ko kashin dabba sun shiga, ko cizo ne, ko ƙuna, a je asibiti a ranar. Wanda ya yi kwana biyu ko uku bai je ba kada ya ce ya makara, ya je. Cizon kare kuma yana da tasa allurar daban ta haukan kare, wannan ba ta maye gurbin waccan.

Yanzu ga inda aka fi ruɗewa. Abin da muke kira allurar tetanos iri biyu ne, aikinsu kuma ba ɗaya ba. Ta farko kariya ce ta aro. A 1890, a birnin Balin na Jamus, Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo suka nuna cewa ruwan jinin dabbar da ta saba da dafin yana kare wata dabbar. Daga nan aka samo ATS, wadda daga jinin doki ake tace ta, da TIG, wadda daga jinin mutane ake samu, ta fi aminci ta kuma fi tsada. Suna aiki nan take, amma ba sa daɗewa: ta doki mako ɗaya zuwa biyu, ta mutum kamar wata guda, daga nan jiki ya koma yadda yake. Ta biyu ita ce rigakafi na ainihi, wadda aka samar a Faransa a 1924 aka kuma yi wa sojoji da yawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Dafin ne aka kashe masa ƙarfi ake sa wa jiki don ya koyi ƙera makaminsa da kansa. A kati za ka ga an rubuta TT, ko Td in an haɗa ta da ta mashaƙo. Ita tana daɗewa shekaru, amma koyo ba ya yiwuwa a zama ɗaya. Ga wanda bai taɓa yi ba, ta farko kusan gabatarwa ce kawai. Kariya tana fara samuwa ne kamar mako biyu bayan ta biyu.

Ka ga ke nan mai cewa "an taɓa yi mini" bai faɗi komai ba tukuna. In ATS ce aka yi masa, ta fita daga jikinsa tun kafin raunin ya gama warkewa. In TT ce guda ɗaya kuma bai koma ba, an fara gini ne aka bari. Ƙa'idar da likitoci ke bi ba ta da wuyar riƙewa. Wanda ya taɓa samun aƙalla uku, in raunin ƙarami ne mai tsabta, ba ya buƙatar ƙari sai in ta ƙarshe ta wuce shekara 10. In mai zurfi ne ko mai datti, sai a ƙara masa in ta wuce shekara 5. Wanda bai kai uku ba, ko bai sani ba, a yi masa ta rigakafin, in kuma raunin mai datti ne a haɗa masa da ta aron, kowace a gefe daban: ɗaya ta tsare shi yau, ɗaya ta fara koya wa jikinsa. Sannan ya dawo ya cika sauran, wanda shi ne abin da kusan kowa ke watsarwa da zarar ciwo ya daina zafi.

Wata magana a gefe. Allurar doki, wato ATS, ba abin yi ba ce a bayan kanta a shagon magani. Jikin wasu yana ƙin ta har numfashi ya sarƙe cikin mintuna, shi ya sa ake gwada kaɗan a fata tukuna, a wurin da ke da abin ceto a kusa. Ita kuma ta rigakafin sai an ajiye ta a firji yadda ya kamata, in ba haka ba ta lalace. Duk inda aka yi maka, ka tambayi wacce ce, a rubuta maka a takarda.

To me ya sa mata suka fi mu tsira? Saboda jarirai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 1988 jarirai kusan 787,000 wannan cuta ta kashe a duniya, ta hanyar cibiya. Aka gano cewa in an yi wa uwa allura, kariyar tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan, ta tsare shi a makonnin farko. Sai aka ɗaura allurar a kan awon ciki: ta farko ran da mace ta fara zuwa, ta biyu bayan mako 4, ta uku bayan wata 6, ta huɗu da ta biyar shekara-shekara, wadda ta cika biyar ta gama da ita tsawon shekarun haihuwarta. Zuwa 2018 adadin ya sauko kusan 25,000. Ghana ta sami tabbacin kawar da cutar a tsakanin masu jego da jarirai a 2011, ma'ana ƙasa da jariri 1 cikin kowace haihuwa 1,000 a kowace gunduma. Aiki ne da ya cancanci yabo.

Amma ƙasa da ɗaya ba sifili ba ne, don haka kakanni da ungozomomi su riƙe alamar. Jariri ya zo lafiya, ya yi kuka, ya kama nono kwana biyu ko uku, sai wajen ranar suna ya daina kamawa. Ba ƙi yake ba, bakin ne ya ƙi buɗuwa. Ya yi ta kuka, jiki ya sandare, in an taɓa shi ya zabura. Wannan ba kambun baka ba ne, a ruga da shi asibiti, don in an zauna da shi a gida da wuya ya kai labari. Mafarin abin shi ne rezar da aka yanke cibi da ita, da zaren da aka ɗaure, da abubuwan da ake shafawa don cibiya ta faɗi da wuri kafin suna: toka, ƙasa, man goge baki, kashin shanu a wasu ƙauyuka. Cibiya za ta faɗi da kanta. Abin da ungozomar asibiti ta bayar, kamar man chlorhexidine, shi kaɗai za a sa. Wanzami ma ya shigo nan. Aski da kaciya da cire beli duk buɗe ƙofa ne, saboda haka sabuwar reza a ɓare ta a gaban iyaye, hannu a wanke, kada kuma a barbaɗa komai a kan kaciya. Yaron da za a yi wa kaciya bayan ya girma, a duba katinsa tukuna.

Yaro namiji yana samun allura uku yana jariri, a mako 6 da 10 da 14, cikin allurar Penta, mai haɗe da rigakafin cututtuka biyar, da Ghana ta fara a 2002. Uku ɗin nan suna tsare shi 'yan shekaru ne, sannan ƙarfinsu ya fara raguwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar shida: ukun farko, da ƙari tsakanin wata 12 zuwa 23, da shekara 4 zuwa 7, da shekara 9 zuwa 15. Yarinya in ta girma ciki zai dawo da ita asibiti a ƙara mata. Namiji fa? Babu abin da zai sake kai shi sai rauni, kuma daidai lokacin da kariyarsa ta yi rauni ne ake kai shi koyon aiki cikin ƙarafa. Dattawan da aka haifa kafin shirin rigakafin yara ya kankama a ƙasar nan, wanda aka fara a 1978, da yawansu ko ɗaya ba su taɓa samu ba. Kuma wannan cuta ba irin ƙyanda ba ce da in maƙwabta duk sun yi allura kai ma ka fake a bayansu. Tunda daga ƙasa take fitowa, allurar matarka ba ta tsare ka, ta maƙwabcinka ma haka. Ba kuma za a taɓa share ta daga duniya yadda aka yi wa agana ba.

A ganina a nan ne shugabannin sana'a suka bar aiki a ƙasa. Maigidan da ke karɓar kuɗin koyon aiki da lemo ranar da aka kawo masa yaro, me zai hana ya ce a zo masa da katin allura a cikin sharuɗɗa? Ƙungiyoyin makanikai da na mahauta da na direbobi suna tara kuɗin biki da na rasuwa. Suna iya gayyato ma'aikatan lafiya na gunduma rana guda, su sake gayyato su bayan wata ɗaya, sannan bayan wata shida. Liman da ke tunatar da jama'a sharuɗɗan layya yana iya ƙara jimla biyu kan yankan wuƙa. Mutum ɗaya ma ba sai ya jira ƙungiya ba. Ka je asibitin unguwa lafiyarka ƙalau ka ce kana so a fara maka Td: yau, bayan mako 4, bayan wata 6, sannan biyu a shekaru biyu masu zuwa in ba ka taɓa yi ba. Ko da za ka biya wani abu, ba zai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon jinya ba. Dantse zai yi tsami kwana ɗaya ko biyu. In lokacin komawa ya wuce ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Katin kuma ka ɗauki hotonsa a waya.

Har wanda ya kwanta da cutar ya tashi bai fita daga wannan lissafi ba. Mun saba da cewa wanda ya yi ƙyanda ya gama da ita, sai a ɗauka nan ma haka ne. Ba haka ba ne. Dafin da ya isa ya kwantar da mutum wata guda ya yi ƙanƙantar da jiki ba ya ko lura da shi balle ya koyi yaƙarsa, don haka wanda ya warke yana iya sake kamuwa da ƙusa ta gaba. Shi ya sa likitoci ke yi masa ta farko tun yana kan gado, su rubuta masa ranar dawowa ta biyu da ta uku kafin su sallame shi.